Waiwaye: Ƙusar da Ta Ɗauki Allura

Ina aji shida a lakwal ɗin Tajaye, wajen ƙarshen shekarun 1970, wata safiyar Talata mushenmu ya shigo aji yana tura kekensa. Ba mu taɓa ganin an shigo da keke aji ba. Ya jingine shi jikin bango, ya zazzage aljihunsa bisa tebur: ƙusa ɗaya doguwa, pil biyu na tocila, allurai cikin kwalin ashana, da wata siririyar wayar jan ƙarfe da ya kwance daga cikin matacciyar rediyo.

Ya naɗa wayar jikin ƙusa, muna ƙirgawa tare da shi har zagaye ashirin. Ya ɗora bakin ƙusar kan allurai, babu abin da ya motsa. Sai ya danna ƙarshen wayar biyu jikin pil. Allurai uku suka yi tsalle suka maƙale. Wani yaro daga benci na baya ya ce da ƙarfi, "Mushe, mi na na wanga? Tsahi na?"

"Ba tsafi ba ne," in ji shi. "Yanzu ku gaya mini: idan na ƙara zagaye ashirin, allura nawa za ta ɗauka? Kowa ya rubuta a allonsa kafin mu gwada."

Wannan "kafin mu gwada" ita ce ta zauna mini a kai shekara arba'in da wani abu. Wasu suka rubuta uku, wasu shida, wasu goma. Aka ƙara naɗi, aka gwada, aka ƙirga. Wanda ya yi kuskure bai sha bulala ba, sai dai mushe ya tambaye shi me ya sa ya zaci haka. Da ya cire pil, allurai suka zube, amma guda ɗaya ta ƙi faɗuwa, tana lilo a bakin ƙusa. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya ce, "Wuta ta yanke. Me ya riƙe wannan?" Bai ba mu amsa ba. Ya sa aka rufe tagogi, ya kifar da keken, ya jingina kan ɗan dinamo jikin taya, ya murza feda da hannu. Fitilar keken ta kama ja-ja, ya ƙara sauri ta yi fari, ya saki ta mutu a hankali. A lokacin babu gidan da ke da kuran a unguwarmu. Da aci-balbal da fitilar ƙwai muke karatun dare.

Sai da na girma na san cewa a safiya ɗaya mutumin nan ya nuna mana aikin shekara goma sha ɗaya na manyan masana. A 1820 wani malami a ƙasar Danmak, Hans Christian Ørsted, ya lura cewa allurar kamfas tana karkacewa idan wuta ta bi ta cikin wayar da ke kusa da ita. Ƙusarmu ke nan. A 1831 Michael Faraday, ɗan maƙeri ne a Ingila wanda bai yi dogon karatu ba, ya juyo da al'amarin: ya motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, wuta ta zo, dinamon keke ke nan. Faraday mutumin hannu ne, gwaji yake yi yana rubutawa. Wanda ya zuba abin cikin lissafi shi ne James Clerk Maxwell, a cikin shekarun 1860, kuma lissafin ya kai shi inda ido bai kai ba. Ya nuna masa cewa wuta da maganaɗisu suna iya haifar juna su ratsa sarari kamar igiyar ruwa, da saurin haske, har ma haske kansa irin wannan igiyar ne. Maxwell ya rasu a 1879 bai ga tabbacin maganarsa ba. Sai wajen 1887 Heinrich Hertz ya tayar da igiyar a ɗakin gwajinsa a Jamus, ya kama ta a ɗaya gefen ɗakin. Rediyon da mahaifina ke ratayawa a reshen bedi yana sauraren Muryar Sahel daga nan ta fito.

Haka ilimin fizik yake tafiya, da ƙafa biyu: wani ya zauna da alƙalami ya ce ga abin da zai faru, wani ya tashi ya auna. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da mushe ya sa muka yi da allunanmu ke nan, ba mu sani ba.

Wani abin da ban sani ba a lokacin shi ne, a daidai shekarun da muke ƙirga allurai, akwai ɗan ƙasarmu a Yamai da ke yin wannan aiki a matakinsa na ƙoli. Abdu Mumuni Diyoffo an haife shi a Tasawa a 1929. Ya bi ta makarantar William Ponty a Senegal ya wuce Faransa, inda a 1956 ya ci jarrabawar zama babban malamin fizik, wadda ko ƴaƴan Faransawa kan yi gumi kafin su haye, ya kuma sami babban digirin dakta a 1967. Ya yi zaman nazarin makamashin rana a Tarayyar Sobiyet, ya kafa ɗakin binciken hasken rana a Bamako, sannan ya dawo gida a 1969 ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, ya riƙe shi har tsakiyar shekarun 1980. A can aka ƙera tankunan dafa ruwa da zafin rana, da murhun girki na madubi, da na'urar tace ruwa, da ta busar da kayan lambu. Ba a takarda abin ya tsaya ba. Ni da idona na ga irin tankunan nan bisa rufin gidaje lokacin da na fara zuwa Yamai, na ɗauka daga Turai aka kawo su. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu a 1991, shekarar da ta biyo baya aka sa wa jami'ar sunansa.

Littafinsa kan ilimi a Afirka, wanda ya fito a 1964, ya dage kan a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa karatu da aikin hannu. Ina yawan tunanin wannan idan na tuna cewa mushenmu, da ya zo kan ƙusa, Faransanci ya ajiye ya yi mana Hausa, abin da ba a saba yi a aji ba a lokacin.

To ina aikin ya tafi? Farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kuma bincike yana cikin abubuwan da akan fara yankewa, don ba ya kuka irin na albashi. Ofishin bai mutu ba, ya canza suna ya ci gaba da numfashi, amma ƙarfin farko bai dawo ba. Ƙasar da tun 1968 ta gwada kunna talabijin ɗin makaranta da hasken rana a wani ƙauye kusa da Yamai, lokacin da ƙasashe ƙalilan ne suka san abin, ta koma mai jiran kwantena daga tashar jirgin ruwa.

Kuma ba karon farko ba ne da muka yi irin wannan saki. Mu mutanen Adar mun san tama. Kakana yana da amini maƙeri, tsoho, wanda a ƙuruciyarsa ya ga ana narka ta. Yakan ba mu labarin yadda ake zaɓen dutse da launinsa da nauyinsa a tafin hannu, yadda ake gina murhun da yumɓu, yadda ake jera tama da gawayi hawa-hawa, da dalilin da ya sa gawayin ƙirya ya fi na sauran itatuwa. Daga kalar harshen wuta suke gane ko ƙarfe ya nuna. Duk wanda ya yi kiwo a dajinmu ya taɓa tuntuɓe da kashin maƙera, baƙi, mai ramuka, a wuraren da yanzu ko bukka babu. Wannan binciken sinadaran ƙasa ne tsantsa, na mutanen da suka gwada ɗaruruwan shekaru suna gyarawa. Da ƙarfen matattun motoci ya cika kasuwa, ya fi araha, ya fi sauƙi, sai aka daina zuwa dutse. Lokacin da Bafaranshiya mai bincike Nicole Échard ta ɗauki fim ɗin narka tama a Adar cikin shekarun 1960, sana'ar ta riga ta kama hanyar ɓacewa. Ban ga laifin maƙerin da ya zaɓi ƙarfen mota ba. Yana da iyalin da zai ciyar. Abin da ke mini ciwo shi ne, da aka ajiye aikin aka haɗa da sanin aka binne, a cikinmu babu wanda ya zauna gaban tsofaffin nan da alƙalami da ma'auni ya tambaye su dalili.

Yau kuwa duba ko'ina. Daga Tsarnawa zuwa Badagishiri babu kasuwar da ba a shimfiɗa panon hasken rana a ƙasa ana ciniki. Mai cajin waya yana da shi, mai sayar da ruwan sanyi yana da shi, masallatai da ɗakunan shan magani suna da shi. A Malbaza, garin da muka sani da siminti tun shekarun 1960, aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a ƙarshen 2018 da rancen ƙasar Indiya, ita ce ta farko irinta da aka haɗa da layin Nigelec, kamfanin wutar ƙasa. Na yi murna ranar, har yanzu ina yi. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 na panon duniya a Sin ake ƙera su, kuma cikin masu saye da masu sayarwa a kasuwanninmu, da wuya ka sami wanda zai gaya maka me ke faruwa cikin baƙin gilashin nan.

Abin kuwa yana faɗuwa da Hausa. Duk wani abu da ƙwayoyin zarra aka gina shi, kuma kowace ƙwaya tana da wasu ƴan mitsi-mitsi masu ɗauke da wuta, ilektiron, waɗanda J. J. Thomson ya gano a 1897. Kuran ba komai ba ne illa tafiyarsu cikin waya. A 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace da gwargwadon ƙarfinta, kuma ƙwayar haske tana iya bugun ilektiron ta tumɓuke shi daga mazauninsa. Wannan bayanin ne aka ambata da aka ba shi kyautar Nobel ta 1921. Pano an yi shi da silikon, wanda ake tacewa daga farin dutse irin na yashi har ya yi tsarkin da ya wuce misali. Sai a sa masa ɗan fosfor a fuska ɗaya, sinadarin nan da ke cikin duwatsun fosfat na ƙasar Tawa, a sa ɗan boron a ɗaya fuskar. Inda fuskokin biyu suka haɗu sai ya zama kamar gangare: duk ilektiron da haske ya tumɓuke gefe guda yake gangarawa, ba shi da hanyar komawa sai ta cikin wayarka, ya ratsa ta fitila ko famfo ya yi maka aiki. Wani saurayi Bafaranshe, Edmond Becquerel, ya fara ganin alamar haka a 1839 yana ɗan shekara 19. Sai 1954 aka yi pano na silikon mai amfani a ɗakunan binciken kamfanin Bell a Amurka, yana juya kimanin kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka kansa. Na kasuwa yanzu suna juya wajen kashi 20. Tsakanin ganin farko da abin amfani shekara 115 ce, kuma a tsawon wannan lokaci an sami masu ciyar da mutanen da ke tambayar da ba ta kawo kuɗi ranar.

Bara waccan na je garkar ƙanena wajen Galmi, cikin watan Afrilu, ana ƙarasa cirar albasa. Ya sayar da injin fetur ya sayi famfon rana, yana ta ƙorafi wai an cuce shi: da hantsi ruwa na fita cike da tiyo, amma da azahar, lokacin da rana ta fi ƙarfi, sai ya ragu. Ni ma na bi shi muka yi ta zagin mai kanti. Ɗiyarsa, wadda ke karatun kimiyya a lise, tana gefe tana ɗaurin buhu. Ta ce, "Baba, ku ba ni zuwa gobe."

Washegari ta aro ɗan ma'aunin wuta wurin wani mai gyaran waya. Ta auna da safe ta rubuta a bayan kwali, ta auna da azahar ta rubuta. Ta ce in taɓa gilashin. Na taɓa na janye hannu, ya yi zafin tukunyar da ke kan murhu. Ta juya panon ta nuna mini takardar da ke manne a bayansa, inda aka rubuta cewa ƙarfin da aka yi alƙawari an auna shi ne a zafin digiri 25. "Baba, nan ya wuce sittin," in ji ta. "Haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi." Gaskiyarta. Irin wannan pano yana asarar kusan kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri da ya hau, wato idan ya kai 65 ya zubar da wajen kashi 16. Ga shi an kwantar da su dab da ƙasa, iska ba ta ratsa ƙarƙashinsu, ga ƙurar da ta yi musu lulluɓi tun hunturu. Ta sa ƙannenta suka ɗaga su bisa sanduna, da yamma ta yi sanyi suka wanke su da tsumma mai laushi. Kwana biyu bayan haka ruwan azahar ya ƙaru, uban ya tsaya yana kallon tiyo yana kallon ɗiyarsa, bai ce komai ba.

Ni ma shiru na yi, amma nawa shirun na daban ne. Na tuna ɗana na fari, yana ɗan shekara tara, ranar da na dawo na tarar ya kwance rediyona ya zaro baƙin maganaɗisun lasifika yana jan ƙusoshi da shi a tsakar gida. Na zane shi. Ni da aka nuna wa ƙusa da allura, ni na zane yaro saboda ya je neman amsar tambayar da mushena ya bar mini. Bai sake buɗe wani abu ba. Rediyon an gyara shi cikin mako guda, amma abin da na kashe ranar ban iya gyara shi ba, kuma na san gidajen da aka yi irin haka a garinmu ba su ƙirguwa. Muna kiran yaro mai tambaya mai rawar kai, mai kwance abu kuma maɓarnaci.

Amsar allurar nan, na same ta daga baya. Cikin ƙarfe akwai ƙananan yankuna, kowane kamar ɗan maganaɗisu ne, suna fuskantar ko'ina barkatai. Wuta ce ke jera su sahu ɗaya. Idan ta yanke yawanci sukan watse, amma wasu kan tsaya a sahun, su ne suka riƙe allurar. Masu bincike sun bi wannan ɗan saura shekara da shekaru suna gauraya ƙarafa, har a farkon shekarun 1980 aka samo maganaɗisun niyodimiyom a Japan da Amurka, mai ƙarfin da ya sa injin da bai wuce damtse ba yake ɗago ruwa daga rijiya mai zurfi. Irinsa ne ke cikin yawancin famfunan rana da lasifikar wayar da ke aljihunka.

A watan Agusta na 2023 muka ga iyakar kayan aro. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nigelec ke rabawa. Ba siyasar abin nake magana ba, kowa da ra'ayinsa. Ina maganar masu walda da suka zauna, da injinan niƙa da suka yi tsit, da magungunan da ke buƙatar sanyi. Watanni aka yi har aka ɗage takunkumin da ya jawo haka a Fabrairun 2024. Tashar rana ta Goru Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a ƙarshen 2023 ta rage wa Yamai raɗaɗi. Ƙasar da ake haƙo uraniyom a Arlit tun 1971 yana haska biranen wasu, ƙasar da kowane murabba'in mita nata ke karɓar kusan wat 1,000 na hasken rana da tsakar rana, ita ce ta kwana cikin duhu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ba ina cewa gobe mu gina masana'antar silikon a Illela ba. Amma akwai tambayoyin da namu ne, babu wanda zai amsa mana su daga ƙasar sanyi. Wane irin pano ne ya fi jure zafin Afrilu a kwarin Magiya? Ƙurar hunturu nawa take ci a mako, kuma kwana nawa ya kamata a yi tsakanin wanki da wanki a inda ruwan ma saye ake yi? Batirin dalma, wanda rayuwarsa ke raguwa kusan rabi duk lokacin da zafin ma'ajiyarsa ya ƙaru da digiri 10, a wane irin ɗaki za a ajiye shi, na laka ko na kwano? Waɗannan bincike ne na gaske, da lissafinsu da awonsu, kuma yarinya mai bayan kwali ta riga ta fara. Wuraren da za su karɓe ta suna nan: sashen kimiyya na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da aka kafa a 1982, wadda daga Ƙonni ba ta kai tafiyar kilomita 100 ba. A Zariya ma akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke aiki tun 2004. Sai dai babu mai isa can idan an kashe masa tambaya tun yana aji uku.

Mushenmu ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa da rahama. Bai da ɗakin gwaji, bai da kuran, albashinsa ma ba kullum yake zuwa kan lokaci ba. Malaman lakwal na yau, da iyaye irina, ina roƙonku: matacciyar fanka da matacciyar rediyo suna nan jibge a bayan ɗakunanmu, ku ba yara su kwance. Ku sa su faɗi abin da suke zato kafin a gwada, kuma kada a daki wanda zatonsa bai faɗa daidai ba. Ni na riga na kwance waya daga tsohuwar fankata, na sayi ƙusa goma da kwalin allura a kasuwar Badagishiri. Idan an koma karatu a watan Oktoba, zan kai su ajin da na zauna.